Wasan Faifai da Hanyar Malkohi

A kwalejinmu da ke Jimeta mu ne 'yan faifai. Haka kowa yake kiranmu, wasu da dariya, wasu da tausayi. Wani malaminmu da ya yi karatu a ƙasar waje ne ya dawo da wasan a jakarsa. Firisbi yake kiransa, amma da ɗalibai suka ga abin, farar roba mai faɗi kamar marufin ƙwarya, sai suka ce faifai, sunan kuma ya zauna. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, maza da mata a haɗe. Ana jefa faifan daga hannu zuwa hannu har a cafe shi a bayan layin abokan karawa. Ba a gudu da shi, ba a kuma taɓa jikin kowa, shi ya sa ma iyayen 'yan matan suka ƙyale su. Abin da ya fi ba 'yan kallo mamaki shi ne babu alƙalin wasa. In an yi maka keta, kai za ka faɗa. In ƙafarka ta fita layi, kai za ka faɗa a kan kanka. In gardama ta tashi, ku biyun za ku tsaya ku warware, sauran suna jira.

Ƙungiya biyu ce a kwalejin, masu jar riga da masu fara. Ni ina cikin masu ja. Kowace shekara ana wasan ƙarshe tsakaninmu, ofishin wasanni ya ba da kofi ga waɗanda suka ci, sannan akwai wani allon katako da ake ba mutum ɗaya, na shugabanci da ladabin wasa. Shi wannan ba ofis ke zaɓa ba. 'Yan wasan ne suke tsayawa da'ira bayan an tashi, a yi magana, a ɗaga hannu.

Da malamin ya koma ƙaro karatu, sai ya bar jakar faya-fayan a hannun kyaftin ɗinmu. Adda muke ce mata, yadda ake kiran babbar ya a nan, don ta girme mu duka. Kirista ce daga wajen Numan, ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta dawo karatu. Gajeruwa ce, ba ta da gudu, amma in ta jefa faifai sai ya zo maka daidai ƙirji. Kyaftin ɗin masu fara kuwa Hamma muke ce masa, wato babban wa. Iyayensa mutanen Borno ne, mahaifinsa yana da shagon hatsi a kasuwa, shi kuma yana da tsage a fuska da ake ganewa tun daga nesa.

Ina shekarar ƙarshe lokacin da masu bindiga suka shiga garinmu, can arewacin jihar a gindin duwatsu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Dada, mahaifiyarmu, ta iso Jimeta da ƙannena maza biyu, ƙafafunsu a kumbure, suka sauka gidan Bappa, ɗan'uwan mahaifinmu, a unguwar Dubeli, inda aka riga aka cika har zaure. Ƙanwata ba ta cikinsu. A bakin wani rafi aka buɗe wuta, kowa ya watse, Dada ta kama hannun ƙananan, ta waiga ba ta gan ta ba. Yarinya ce 'yar sakandare, tana da tabo a girar hagu inda ta faɗi daga kan jaki tana ƙarama.

Daga ranar na daina zama ɗalibi sai da suna. Da asuba nake fita. Tashar mota, makarantun firamare da aka mayar masauki, harabar coci, bakin masallaci, sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Hotonta ɗaya ne a wayata, na ranar Sallah, sai da na nuna shi har na daina ganin fuskarta a ciki. A kasuwa in na hango yarinya mai tsayinta daga baya, sai na bi ta har ta juyo. Wata ta taɓa tara mini mutane, sai da na nuna musu hoton suka sake ni. Wayata ba na kashe ta ko a masallaci. In na koma Dubeli da yamma, Dada tana zaune a bakin ƙofa. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo. In ta ga ba kowa, sai ta ce mini sannu, ta gyara zama.

Adda ce ta zo ta same ni a gidan Bappa. Ta gaida Dada har ƙasa, ta zauna a tabarma ta ci abin da aka kawo mata, sannan ta ja ni waje.

"Turo mini hoton," ta ce.

"Me za ki yi da shi?"

"Kai kaɗai ba za ka iya zagaye garin nan ba. Mu goma sha wani abu ne, kuma duk muna da ƙafa."

Ta raba mu yadda take raba mu a fili. Masu zuwa coci su duba coci-coci, masu zuwa masallaci su tambayi limamai, wata da gidansu yake wajen tafkin Njuwa ta riƙa tambayar masunta da masu lambu, don wasu 'yan gudun hijirar a can suka sami aikin ban ruwa. Hamma ya ɗauki kasuwa da direbobin manyan motoci. Ta sa wani ɗan ajinmu yana kwafa mini darasi. Ta je wajen malamai ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu dalilin da ba sa ganina. Ban roƙe ta ko ɗaya daga ciki ba, ban kuma gode mata ba a lokacin. Ba ni da wajen ajiye godiya.

Abu ɗaya ta nema a wajena, shi ne in riƙa zuwa fili ranar Asabar.

"Adda, ƙanwata tana daji ko a raye ko a mace, ki ce in zo in yi wasan roba?"

"Ka zo ka yi gudu," ta ce. "Ba don wasan ba. Dubi idonka. Yaushe rabonka da barci? In ka faɗi, wa zai ci gaba da nemanta, Dada?"

Na faɗa mata magana mai zafi, ta tsaya ta saurara har na gama, ta ce sai Asabar. Na kuwa je. Gaskiyarta ce, ranar da na yi gudu nakan sami barci kaɗan.

Filin ma ya canza. Iyaye sun kira 'ya'yansu gida, ƙungiyarmu ta ragu har muka koma bakwai cif, ba ɗan canji ko ɗaya. Sannan mutane sun fara kallon 'yan Borno da gefen ido. A cikinmu akwai wani dogon yaro da ya fi kowa iya tsalle, an kashe wansa a hanyar gona a wannan rikici. Wata Asabar Hamma ya ce dogon ya bugi hannunsa lokacin jifa. Dogon ya jefar da faifan ƙasa.

"Ni ba na karɓar magana daga bakin irinsu," ya ce. "Wa ya san wanda suke ɓoyewa a shagunansu?"

Hamma ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa. Adda ta taka har gaban dogon, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Na je gaisuwar wanka, na ga mahaifiyarka," ta ce. "Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba. Amma a filin nan ba mu da alƙali, maganar juna kawai muke da ita. In ba za ka karɓi tasa ba, ka ce ba ka buge shi ba, a mayar da faifan baya, haka dokar take. Abin da ka faɗa kuma ba za ka sake faɗarsa a nan ba."

Ya daɗe a tsaye yana huci. Daga baya ya ce bai buge shi ba, aka mayar da faifan baya, aka ci gaba. Bai ba da haƙuri ba, Hamma kuma bai nema ba.

Haka muka ja har bazara, lokacin da zafin Yola yake sa kwalta ta yi laushi. Ba labari. Mutanen da suke cewa in sha Allahu za a gan ta suka koma cewa Allah ya sa tana hannu na gari, wasu ma suka fara yi wa Dada magana kamar ana ta'aziyya. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

An sa wasan ƙarshe da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Hamma ya kawo ruwan sha a a-kori-kurar mahaifinsa. 'Yan kallo ba yawa, jami'in wasanni yana zaune a inuwa da kofin da allon katakon a kan benci. Ba a daɗe da farawa ba wata 'yar ajinmu da na ba ajiyar wayata ta shigo cikin fili da gudu tana ɗaga ta. Wani dattijo ne yake kira, ɗan garinmu da yake zaune a sansanin Malkohi. Ya ce an kawo mata da yara da aka ƙwato daga daji, motoci cike, akwai 'yan mata da yawa a ciki.

Na tsaya riƙe da wayar, ina kallon Adda. In na tafi, mun koma shida, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe.

"Me kake jira?" ta ce. "Tafi."

Hamma ya riga ya ciro makullin mota daga jakarsa. Ya juya wajen 'yan ƙungiyarsa, waɗanda suke da 'yan canji biyu a bakin layi.

"Ku buga shida," ya ce. "Kada wanda ya shiga a madadina."

Wani daga cikinsu ya ce ai dokar ba ta ce haka ba. Hamma ya ce ya sani, ya wuce.

A mota ina ta ƙoƙarin tuna muryar ƙanwata, ta ƙi zuwa. Hamma bai yi mini surutun ƙarfafa gwiwa ba, tuƙinsa kawai yake yi, gumi yana bin tsagen fuskarsa. Kafin a kai sansanin akwai shingen bincike da buhunan yashi. Aka tsayar da mu, aka karɓi katin shaidarmu. Nawa aka miƙo mini. Nasa aka juya gaba da baya, aka dubi fuskarsa, aka ce ya kashe mota ya sauko. Suka tambaye shi me ya kawo ɗan Borno sansani a ranar da aka kawo waɗannan mata. Na ce ni ya kawo, ƙanwata nake nema. Aka ce ni in wuce in ina so, shi zai zauna.

"Hamma," na ce.

"Tafi," ya ce. "Ba yau aka fara ba. Na san za a yi haka tun kafin mu taso."

Na bar shi zaune a ƙasa kusa da buhunan, a rana, na ƙarasa da ƙafa ina gudu da jar rigata.

Abin da na gani a sansanin ba na son yawan faɗarsa. An keɓe waɗanda aka kawo a gefe ɗaya, an ja igiya, ma'aikatan lafiya suna shiga suna fita. Mata zaune a ƙasa, ba mai kuka, ba mai magana. Yara da gashinsu ya koma ja. Mu masu nema muna bayan igiya muna turereniya, kowa yana kiran suna. Na kira nata har muryata ta dushe. Na bi igiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan ina leƙen girar kowace yarinya. Wata ta ɗago kai da na kira, ashe sunansu ne ɗaya. Na roƙi wata ma'aikaciya ta shiga da wayata ta nuna hoton. Ta tausaya ta shiga. Ta daɗe, sannan ta dawo da wata tsohuwa tana riƙe da hannunta.

Tsohuwar ta dubi hoton, ta dube ni, ta yi magana da irin Hausarmu ta can da ba ta raba mace da namiji.

"Yarinyan nan ba ya cikinmu," ta ce. "Amma na ga mai tabo haka a hanya, kafin a kama mu. Ya bi masu hawa dutse zuwa Kamaru. Yana ɗauke da ɗan wani mata."

"Kin tabbata ita ce, Goggo?"

"Ɗana, ni yanzu ban tabbata da komai ba."

Da wannan na fito. Ban san ko abin farin ciki ne na samu ko wata sabuwar azaba ba. Rana ta kai tsaka lokacin da na dawo shingen. Hamma yana nan inda na bar shi, leɓɓansa sun bushe. Sun ƙwace wayarsa. Na kira Adda na faɗa mata.

Ba a jima ba sai ga keke mai ƙafa uku, sai ga wani, sai ga wani. 'Yan wasan ne, masu ja da masu fara, ko riga ba su canza ba. Adda ta fito da jakar faya-fayai a kafaɗa, ta je wajen shugaban masu shingen ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita malamar firamare ce, wannan da ke zaune ɗan kwalejinsu ne, ga kuma abokan karatunsa, kowa da katinsa, a tambayi duk wanda aka ga dama. Ya ce su tafi, za a sake shi in an gama bincike. Ta ce to, za su jira. Ta nemi gefen hanya ta zauna, sauran suka zauna. Masu wucewa suna rage gudu suna kallon wannan taro mai riguna iri biyu. Mutumin ya yi kamar bai gan mu ba na wani lokaci, ya sa aka zazzage jakar, ya ɗaga faifai ɗaya ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Can ya miƙa wa Hamma wayarsa da katinsa, ya ce mu kwashe mu bar masa wajen.

Hamma ya shanye ruwan leda uku a tsaye, sannan ya dube ni. Na girgiza kai, na faɗa musu abin da tsohuwar ta ce. Adda ta ce daga gobe za a fara tambayar direbobin da ke zuwa bakin iyaka.

A can na ji cewa mu muka ci wasan, da ƙyar. Jami'in wasanni ya ba da kofin, ya so a yi zaɓen allon nan take don ya tafi gida, Adda ta ce ba a yin da'ira mutum biyu ba sa nan. Ya ba ta allon ya ce su ƙarata. Muka matsa gaba kaɗan zuwa inuwar wata darbejiya, muka tsaya. Masu fara suka ce Adda suke so. Wasu daga cikinmu suka ce Hamma. Aka ce ni in yi magana tunda ni abin ya shafa.

Muryata ba ta fita sosai. Na faɗi abin da Hamma ya yi a ranar, wanda duk sun gani. Sannan na faɗi abin da Adda ta yi tun daga farko, wanda yawancinsu guntu-guntu suka sani: zuwanta Dubeli, malaman da ta bi, maganar da na faɗa mata ta shanye. Ban iya ƙarasawa ba, na tsugunna. Aka ɗaga hannu. Hamma ya samu da rinjaye, har da hannun Adda. Ni ita na ɗaga wa, shi ma ita ya ɗaga wa. Dogon yaron ya zo tare da su, amma ya tsaya nesa kaɗan da da'irar, bai ɗaga wa kowa ba.

A hanyar komawa ina bayan a-kori-kurar kusa da Adda. Da muka shiga gari sai ta ce, "Ka san na so allon nan? Tun shekarar farko nake sonsa." Ta yi 'yar dariya, ta share fuska da gefen rigarta. "Amma ni ba a zaunar da ni a rana ba."

Na ce tata ɗawainiyar ta fi tsawo. Ta ce in bar maganar, in yi tunanin yadda zan faɗa wa Dada.

Na faɗa wa Dada yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta sa na maimaita maganar tsohuwar, musamman wajen ɗan da take ɗauke da shi. Ta ce in dai goyon ɗan wata ne, to halinta ne. Ranar ta ci tuwo kaɗan.

Ba a rubuta suna a allon ba, sai da muka kai wa mai fenti, don haka bayan 'yan kwanaki muka kai wa Hamma a shagon mahaifinsa. Tsohon yana zaune a kan buhun gero da carbi a hannu. Ya karɓi allon ya juya shi.

"Me ya ci?" ya tambaya.

"Bai ci komai ba, Baba," in ji Adda. "Su ma aka cinye."

"To na mene ne?"

Ta ba shi labarin. Ashe Hamma bai faɗa a gida ba, cewa ya yi motar ce ta ɓaci. Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa. Ya ce da ya sani da bai ba shi makullin ba, kuma kada ya sake bin wannan hanya. Sannan ya tashi da kansa ya nemo ƙusa, ya kafa allon a jikin ƙofar shagon, sama da inda ake rataye ma'auni.

Ban rubuta jarrabawar wannan shekara ba, sai da na maimaita. Na je bakin iyaka ya fi a ƙirga, ina bin maganar direbobi, kowane zuwa in dawo hannu wofi. Adda ta gama, aka tura ta wata makarantar ƙauye, amma ba ta daina kira ba. Iyayen Hamma suka gaji da zaman, suka rufe shagon suka koma Kano kafin shekara ta zagayo. Wasan ma bai daɗe ba a kwalejin bayan tafiyarsu.

Ƙarshen daminar da ta biyo bayan wasan ƙarshe aka dawo da wasu mutanenmu daga Kamaru ta wajen Fufore, ƙanwata tana cikinsu. Matar da ta goya wa ɗa ce ta riƙe ta a wani ƙauye a bayan duwatsu. Ta dawo da tari mai tsanani da muka yi ta jinya har shekara ta gaba, kuma ta daɗe ba ta yarda a rufe ƙofar ɗakin da take ciki. Yanzu tana da 'ya'ya biyu, tana ɗinki a Dubeli. Ba ta taɓa ba mu labarin watannin nan ba, mu ma ba mu tambaya.